Ayar Aw Gedi

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar zafi, lokacin da rana ba ta faɗuwa a Minneapolis sai ƙarfe tara, ni da Barlin muke da shagon samosa a kasuwar Somaliyawa. Shago ne dai a baki: tebur biyu, kaskon suya, da wani tsohon firji mai gurnani. Barlin 'yar yayar mahaifiyata ce. Ta girme ni da shekara biyu, kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

A sauran watanni in mun sayar da samosa ɗari a wuni sai mu gode wa Allah. Da azumi kuwa har ɗari bakwai muke naɗewa. Direbobin tasi, ma'aikatan asibiti, matan da suka taso daga aiki ba su da sukunin murza fulawa, da wani gidan abinci da ke karɓar ɗari biyu kullum. Tun hantsi muke yankan albasa, hannu ba ya hutawa sai an kira Magariba.

Ranar da aka ga wata na ɗaura niyya irin ta kowace shekara: izu biyu kullum, in sauke kafin Sallah, asham ba fashi. Kwana huɗun farko na cika alkawari. Na biyar izu ɗaya na samu. Daga nan zaren da nake sa alama da shi ya kwanta a shafi ɗaya bai ƙara motsi ba. Marmari ya wuce, wuya ta shigo.

Ran sha uku ga wata ina La'asar a lungun bayan firji, rana ta riga ta yi ja, sai na tsinci kaina a sujada ina cewa, "Ɗari huɗu da sittin." Na sallame ban san raka'a nawa na yi ba. Da na faɗa wa Barlin, dariya ta yi har da riƙe ciki.

Ta ce, "Allah ya san da mu, abaayo, 'yar'uwata. Ciyar da mai azumi ma ai ibada ce."

Na ce, "Ciyarwa ko sayarwa?"

"Ke dai naɗe, malama. Bakin wancan ya buɗe."

Na sake sallar, na koma kan tebur.

Mahaifina, Ma'allin Diriye, wanda nake kira Aabo, yana zaune shi kaɗai a hawa na goma sha huɗu a dogayen benayen Cedar. Shekararsa tamanin da ɗaya a lokacin, ganinsa kuma ya tafi tun shekara shida kafin nan. Na yi na yi ya dawo gidana ya ƙi, wai ya san adadin takun da ke tsakanin gadonsa da buta, ba zai fara sabon lissafi da tsufa ba. A Beledweyne, garinmu na asali, malamin allo ne, Alƙur'ani kuma duk yana kansa. Da muka zo ƙasar nan ya sami abokai biyu mahaddata irinsa: Aw Gedi, tsohon tela mai yawan tari, da Hashi, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙin babbar mota. Duk azumi, bayan La'asar, su ukun sukan zauna a ɗakin Aabo su yi suba, wato karatun karɓa-karɓa da ka: wannan ya ja aya ɗaya, na kusa da shi ya ɗauki ta gaba, a yi ta zagayawa har a sauke ran ashirin da bakwai.

Aw Gedi ya rasu cikin sanyin shekarar, ranar da sai da aka kawo inji ya fasa ƙasa kafin a haƙa kabari. Wata biyu bayan haka ɓarin jikin Hashi ya shanye, ɗansa ya zo ya tafi da shi Columbus, can wata jiha. Duk na san wannan. Na je gaisuwar, na kai abinci. Amma ban taɓa zama na haɗa shi da azumi ba. Kullum wajen ƙarfe shida nakan hau da kwanonsa, samosa uku, dabino, shinkafa da ayaba, shayi a fulas, in ajiye a kan tebur, in ce, "Aabo, ga shi nan, a sha ruwa lafiya," in juya kafin lif ya sauka ya bar ni.

Ran sha biyar na buɗe ƙofar a hankali, don na ɗauka barci yake. Sai na ji muryarsa. Yana zaune a ƙasa a kan darduma, ya jingina da kujera, fuskarsa na kallon taga. Ya ja aya ɗaya, ya yi shiru. Shirun ya daɗe. Sannan ya ja wata.

Na ce a raina shi ke nan, tsufa ya fara taɓa haddar. Na tsaya da kwano a hannu ina saurare. A karo na uku na lura ba mantuwa ba ce. Duk sanda ya ɗaga murya, aya biyu ya tsallake. A cikin shirun leɓɓansa suna motsi, kansa yana ɗan karkata hagu, sannan dama.

Na san wurin da yake. Nan ne daidai inda allona ya tsaya kafin yaƙi ya tashe mu, ina 'yar shekara goma sha huɗu. Shekara ashirin da wani abu ban bi ta kansa da ka ba. Amma da ya kai ƙarshen ayarsa ya yi shiru, ban san lokacin da bakina ya ɗauki ta gaba ba.

Bai juyo ba. Ya bari na kai ƙarshe, ya yi shirun aya ɗaya, ya ja tasa. Na ajiye kwanon, na cire takalmi, na zauna a hagunsa. Muka zagaya sau uku. A na huɗu na yi tuntuɓe.

Ya ce, "A'a. Koma."

Na koma.

"Ja wannan maddar. Wa ke korar ki?"

Na ja. Sai ya ɗaga hanci sama ya ce, "Wace ce wannan mai warin albasa da ta zauna a gurbin Aw Gedi?"

"Ni ce, Aabo."

"Na sani, Dahabo. Tun daga bakin lif nake gane takunki. Kwana goma sha huɗu kina ajiye kwano kina gudu, kamar mai kai wa ɗan kurkuku abinci."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini kai kaɗai kake yi ba?"

"In ce me? Ki bar sana'arki ki zo ki zauna da tsoho? Rabin garin nan da hannunki suke buɗa baki."

"To shirun fa? Ai ka san ayoyin."

Ya shafa gemunsa da ya sha lalle. Ya ce, "Na san su, a zuci nake karanta su. Shekara goma sha shida da tsari ɗaya muke farawa: ni, Gedi, Hashi. Kowa ayoyinsa suke faɗo masa duk shekara. In na zo kan na Gedi muryarsa nake ji, har da tarin. Sai in ga rashin ladabi ne in katse shi."

Wayata ta yi ta rawa a aljihu. Da na ɗauka, muryar Barlin sai da ta cika ɗakin: "Ina kika shiga? Mai ya yi zafi, layi har bakin ƙofa!"

Aabo ya ce, "Tashi ki je, kar ta ƙone kasuwar."

A mota, ina jiran danja ta ba ni hannu, gidanmu na Beledweyne ya dawo mini kamar jiya. Bishiyar mangwaron da ke bayan gida, inda maza ke shimfiɗa tabarma bayan La'asar. Ƙamshin lubban da Hooyo, mahaifiyata, ke turarawa, da ƙarar turminta. Kogin Shabelle da ke yin ja in ya kawo ruwa. Akan aike ni in yayyafa ruwa a ƙasa don sanyi, sai in maƙale a bayan bishiya ina bin karatun a hankali. Wata rana mutum ɗaya bai zo ba, Aabo ya ce in zauna a wurinsa. Wani dattijo mai shagon yadi ya ɓata rai, wai yaushe aka fara sa 'yan mata a da'irar maza. Ba a zagaya sau biyar ba ya haɗa aya da 'yar'uwarta, ni kuwa na ce, "A'a, koma," da ƙarfi, yadda na ji Aabo na yi. Da aka sha ruwa, Aabo da kansa ya ɓare dabino ya sa mini a baki. Sai da mai motar da ke bayana ya danna mini hon na ga danja ta daɗe da sakin mu.

Washegari da safe, muna yankan albasa, na ce wa Barlin, "Daga yau, biyar da rabi zuwa bakwai da rabi, ba na nan."

Ta ajiye wuƙa. "A daidai lokacin da kasuwa ke ci?"

"Eh."

"Sannu, waliyyiya. Sai da wata ya raba kika tuna da Lahira? Ɗari biyun gidan abincin fa, aljanu za su soya?"

"Mu ce musu su nemi wani."

"Mu ce musu! Shekara uku ina bin mutumin nan kafin ya yarda da mu."

Muka yi ta yi, har mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta ce mu ji tsoron Allah, da azumi a bakinmu. A ƙarshe ni na buga wa mai gidan abincin na ba shi haƙuri. Muka koma gama suya da ƙarfe biyar, abin da ya rage mai shayi ta sayar mana. Masu saye suka yi ta ƙorafin samosa ta huce. Kwana biyu Barlin ba ta yi mini magana ba, sai dai ta buga murfin tukunya.

Zama da Aabo bai zo da sauƙi ba. Haddata ta ƙare a rana ta farko, na koma duba Mus'hafi, kuma ko a duban ina ta sassarfa. Ba ya ɗaga ƙafa ko kaɗan. "Koma." "Wannan harafin daga maƙogwaro yake fita, ba daga hanci ba." "Dahabo, karatu kike ko ciniki?" Don gudun kunya na fara zama bayan Asuba ina bitar abin da za mu karanta, maimakon in koma barci. In na shigo kuma tambayarsa ta farko ita ce, "Kin yi La'asar?" In na yi jim sai ya miƙe ya ce, "Ni ma ban yi ba, jiran ki nake." Sai in tsaya a bayansa. Ruku'unsa ya kai tsawon sallata gaba ɗaya ta bayan firji. Kwana biyun farko ƙafafuna suka yi ta ƙaiƙayin tafiya. Daga baya suka haƙura.

A rana ta uku ina fitowa daga shago sai ga Barlin a bayana, da roba cike da ƙullun fulawa a ka, da kwanon nama a hannu.

Ta ce, "Buɗe mini but ɗin mota. Tunda ke ba za ki zauna a shago ba, shago zai bi ki. Na gobe zan naɗe."

Ta baje a teburin kicin ɗin Aabo tana naɗi, mu muna karatu a falo. Da muka tsaya hutawa ya ɗaga murya ya ce, "Barlin, akwai gurbi a damana."

Ta ce, "Adeer," wato kawu, "rufa mini asiri. Lokacin da su Dahabo ke wanke allo ni awaki nake bi. Abin sallah kawai na iya, shi ma Allah ya karɓa da haƙuri."

"To abin sallar za mu zagaya in mun gama."

"Hannuna duk fulawa."

"Akwai famfo."

Ranar ba ta zo ba. Washegari ta wanke hannu ta zo ta zauna a bakin darduma, muka zagaya gajerun surori da ita. Matar da in ta yi magana a shago ana ji daga wurin ajiye motoci, sai ga muryarta ta koma kamar ta sauro. Aabo, wanda ke tsare ni a kan wasali ɗaya, ita sai ya ce, "Madalla, 'yata. Ƙara." Na ce wannan son kai ne. Ya ce ni na san abin da na yar, ita yanzu take tsinta.

Ita ce kuma ta tayar da maganar Hashi. Tana share fulawa a tebur ta ce, "Wai shi Hashin mutuwa ya yi? Ko Columbus ɗin ba waya?"

Aabo ya ce, "Harshensa ya yi nauyi. Na kira sau biyu, ya ce a ce yana barci. Kunya yake ji."

"Kunyar wa? Ku da kuka tsufa tare?"

Ba ta jira izini ba. Ta nemo lambar matar ɗansa a wurin wata ƙawarta, ta buga, ta ce, "Abaayo, ki kai masa wayar kusa da kunne. Kar ki ce ya yi magana, ki ajiye kawai." Ta buɗe muryar wayar, ta ɗora ta a kan filo a daman Aabo.

Muna jin numfashi, ba magana. Aabo ya yi gyaran murya ya ja ayarsa. Na ja tawa. Aka yi shiru. Aabo ya ja ta gaba, na bi, aka sake yin shiru. A zagaye na uku, ina rufe baki, sai wata murya mai nauyi ta taso daga wayar, tana jan harafi ɗaya-ɗaya kamar mai hawa tudu da kaya. Ya daɗe kafin ya kai ƙarshe, amma ya kai, kuma ko wasali bai ci ba. Na kalli Aabo. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba, ya ɗauki ayarsa.

Da muka rufe, muryar ta ce da ƙyar, "Diriye. Har yanzu kana raye?"

Aabo ya ce, "Jira nake ka gama ayarka, shi ya sa."

Dariyar Hashi ta fito wani iri, rabi dariya rabi shaƙuwa. Muna jin surukarsa daga can tana cewa rabon da ya yi dariya tun kafin ya kwanta.

Haka muka ƙarasa watan. Ba zan ce na zama wata waliyyiya ba, kamar yadda Barlin ke tsokana. Asham na samu wasu na rasa wasu, akwai ranar da na yi gyangyaɗi a tsakiyar ayar Hashi sai da Aabo ya taɓa ni da carbi. Amma na daina sallah ina leƙen kasko. In na ɗaga hannu na yi kabbara, nakan san a gaban wa nake tsaye.

Tafiyarmu ta yi jinkiri sosai, ga tuntuɓena, ga nauyin harshen Hashi. Ran ashirin da bakwai ta zo ta wuce da sauran izu goma sha ɗaya. Aka ga watan Sallah da sauran bakwai. Abin ya dame ni, don tun da na yi wayo ban taɓa ganin Aabo ya fita azumi bai sauke ba. Na ce ko ya ƙarasa shi kaɗai, ai kwana ɗaya ya ishe shi.

Ya ce, "Wa ya ce miki ana rufe littafin da ganin wata? Jibi ki zo da lokaci."

Azumi biyu ya ƙara yi a duniya bayan wannan, duka kuma tare muka yi su, mu huɗu. Hashi ya riga shi da wata biyar. Shagon ma mun daɗe da sayar da shi, Barlin ta koma ɗinki, yanzu izunta tara a ka, kuma duk wanda ya zauna kusa da ita sai ya ji adadin.

Saukar waccan shekarar ta faɗo ran tara ga watan Sallah, wata Asabar da rana. Barlin ta soya samosa sabuwa, na dafa shayi da citta da kanumfari. Da Hashi ya ja ayar ƙarshe, Aabo ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Ya fara da Aw Gedi. Ya ambaci Hooyo, da iyayensa, da malamin da ya koya masa. Sannan ya shiga mutanen ƙarƙashin mangwaro ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa, har da mai shagon yadi. Ya kira maƙwabtan da na manta da su, mai jirgin kwale-kwalen da ke ƙetarar da mu kogi, ungozomar da ta karɓi haihuwata, yaran makarantarsa da suka ɓace a hanyar gudu. Wasu sunayen ina jin su fuskokinsu ke dawo mini, wasu kuwa shi kaɗai ya rage a duniya da ya san su. Muna ta amin, Hashi na yi daga waya, har shayin ya huce sai da na mayar da shi wuta.

Da muka shafa, Barlin ta miƙa masa samosa a faranti. Ya gutsura, ya tauna a hankali, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Yau kam ta yi. Wa ya ɗanɗana?"

Barlin ta ce, "Ni ce, Adeer."

"To alhamdu lillahi. Wata guda cur kuna ba ni gishiri da sunan samosa. Na ce bari in yi shiru, masu azumi ne, ba sa iya ɗanɗanawa."

Barlin ta dafe ƙirji. "Wata guda? Mutum ɗari biyar kullum, ba wanda ya faɗa!"

Ya ce, "Mai yunwa ba ya ƙorafi. Ƙaro mini ɗaya."